In Kun Saki Anga, Ku Ɗaga Baƙin Ƙwallo!

'Yan'uwa maza da mata, ku ba ni kunnenku. Ina magana da duk wanda ƙafarsa ke taka jirgin ruwa. Ina magana da Alhaji mai jirgin shaƙatawa, da direban da ke tuƙa masa, da yaron jirgi mai jan igiya. Ina magana da ke Hajiya da aka gayyata shan iska ranar Asabar, da kai saurayi da abokai suka ja ka bakin teku. Ina magana da mutanenmu da neman abinci ya kai Legas da Fatakwal, da na Tema da Duwala da Fot Sudan, waɗanda a yau ruwan gishiri ne ofishinsu. Roƙona ɗaya ne. Idan jirgi ya saki anga da rana, a rataya baƙin ƙwallo a gabansa. A rataya shi kafin a zauna. A rataya shi kafin a buɗe kular abinci, kafin a kunna kiɗa, kafin yaro ko ɗaya ya faɗa ruwa da sunan iyo.

Ku je Tarkwa Bay a ƙarshen mako ku gani da idonku. Wuri ne da ba a zuwa sai ta ruwa, kuma yana daf da bakin mashigar da manyan jiragen kaya ke bi su shiga Apapa da Tin Can. Ku bi hanyar Ilashe. Ku leƙa ruwan da ya raba Ikoyi da Victoria Island. Jiragen shaƙatawa ga su nan, farare tas, an kashe musu kuɗi, an saki anga ana hutawa. A gefensu jiragen fito na ta kai da kawo cike da fasinja. Masu dakon yashi na wucewa. Masu jan kwantena na wucewa. Samari a kan baburan ruwa na tsaga ruwa da gudu. To ku ɗaga kai ku nemi baƙin ƙwallo a gaban waɗannan jiragen da ke tsaye. Za ku sha nema.

Alhali doka ce, kuma tsohuwar doka. A ranar 20 ga Oktoba 1972 aka amince da dokokin hana karon jirage a teku, ƙarƙashin hukumar sufurin ruwa ta duniya, IMO, mai mazauni a Landan. Suka fara aiki ranar 15 ga Yuli 1977. Ƙasashe fiye da 150 sun karɓe su, har da Najeriya da Gana. Suna aiki a kan teku, suna aiki a kan duk ruwan da ke haɗe da teku wanda jirgin teku zai iya shiga. Ruwan tashar Legas na ciki. Doka ta 30 ita ce tamu. Jirgin da ke kan anga zai nuna farar fitila mai haska kowane ɓangare da dare, da rana kuma ƙwallo ɗaya a ɓangaren gaba, inda aka fi ganinsa. Dokar ba ta ware jirgin kaya ta bar na shaƙatawa ba. Ba ta ware na talaka ta bar na mai kuɗi ba. Jirgi jirgi ne.

Kun san abin da direban babbar mota ke yi idan ta lalace masa a hanyar Kaduna zuwa Zariya. Kafin ya nemi bakanike, sai ya sa yaron mota ya karyo ganye ya jera a kan kwalta. Ganyen ba ya gyara inji. Magana yake yi da wanda ke tahowa: ni nan a tsaye nake, ba zan iya kauce maka ba, kai ka kauce mini. Baƙin ƙwallo shi ne ganyen ruwa. Direban da ya bar mota a tsakiyar titi ba ganye, kowa ya san sunan da za a kira shi. Me ya sa za mu yarda da irin wannan a ruwa, inda babu kwalta, babu layi, babu birki?

Na san amsar da ake bayarwa. "Ai rana tsaka ce, wa zai kasa ganinmu?" Ɗan'uwa, an gan ka. Ganin ba shi ne matsalar ba. Wanda ke tahowa yana son ya san abu ɗaya: tafiya kake yi ko a tsaye kake? Kuma a ruwa ido kan yi ƙarya.

Ka tsaya a gaban jirgin da ke kan anga lokacin da teku ke janyewa. Ka dubi ƙasa. Ruwa na gudu, yana bugun goshin jirgin, yana rabewa biyu, yana barin kumfa a baya. Jirgin bai motsa ko taku ɗaya ba, amma daga nesa kamanninsa na mai tafiya a hankali ne sak. Igiyar anga kuwa siririya ce, ta nutse cikin ruwa, ba mai hango ta daga mita ɗari uku, balle rana na dukan ido, ruwa na ƙyalli. Direban da ke tahowa ya dube ka, ya yanke hukunci a ransa cewa tafiya kake yi.

Daga nan ne hatsarin ke farawa, domin dokar hanya ta ruwa tana da tsarinta. Idan jirage biyu masu inji za su gitta wa juna, wanda ya ga ɗan'uwansa a hannun damansa shi zai ba da hanya. Ɗayan kuma doka ta ce ya riƙe hanyarsa, ya riƙe gudunsa. To ka ga yadda abin yake. Mai tahowa ya ɗauka kana tafiya. Ya lissafa cewa kai ne za ka kauce. Ya riƙe hanyarsa kamar yadda aka koya masa, yana jiran ka juya. Kai kuwa injinka a kashe, anga ta kama ƙasa, kana zuba wa baƙi lemo. Shi yana jiranka, kai ba ka ma san ana jiranka ba. Ko kuma ya lissafa cewa kafin ya iso ka riga ka wuce gaba, sai ya nufi daidai inda kake.

Ku yi lissafin da ni. Ƙaramin jirgi mai gudun kilomita 37 a awa, gudun da ba a ɗauka a bakin komai ba a wajen masu jiragen zamani, yana cin mita 10 a kowace daƙiƙa. Mita 600 a minti ɗaya. Idan sai da ya rage mita 100 direban ya gane a tsaye kake, daƙiƙa 10 gare shi. Daƙiƙa 10 ya gane, ya yanke shawara, ya murɗa sitiyari, jirgin ya amsa. Babban jirgi mai kaya kuwa ba a ma maganarsa. Ko an juya injinsa baya, yana iya shafe fiye da kilomita kafin ya tsaya, kuma ba zai iya barin zurfin mashiga don ya kauce maka ba. Ƙwallon nan shi ke sayo wa direba lokaci. Ya hango shi tun daga nesa, ya san matsayinka, ya karkata hankali kwance.

Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin ruwa. Mai sakin anga yadda ya kamata yakan saki igiya ninki biyar ko bakwai na zurfin wurin. A ruwa mai zurfin mita 5, igiyar ta kai mita 25 zuwa 35, a miƙe a gaban jirgi. Wanda bai san kana kan anga ba zai iya yankowa ta gabanka. Farfelarsa ta naɗe igiyarka. Injinsa ya tsaya cak, mutanensa su kife gaba, naka jirgin ya fizgu ko ya tsinke ya bi ruwa. Sannan ga masu iyo. A ina mutane ke shiga ruwa in ba kusa da jirgin da ke tsaye ba? Kan yaro a cikin ruwa ɗan ɗigo ne, ba a ganinsa sai an zo kansa. Direba mai hankali in ya ga baƙin ƙwallo, ya san wataƙila akwai 'ya'yan mutane a ruwa. Zai rage wuta. Zai ba da tazara.

Wani zai ce, "Minti goma kawai za mu yi." Minti goma ya isa jirgi mai gudu ya taho daga kilomita 6. Rataya ƙwallon ba ya cin minti ɗaya. Wani zai ce, "Ai ba wanda ke yi." To ka zama na farko, makwabcinka ya gani ya tambaya. Wani kuma zai ce, "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Gaskiya ne, rai na hannun Allah. Amma amanar mutanen da ka ɗauko tana wuyanka, kuma tun muna yara aka koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Wani zai ce jirginsa ƙarami ne, doka ta ɗauke masa. A nan ku saurara da kyau, domin rabin magana ake riƙewa. Jirgin da bai kai mita 7 ba, wato kusan ƙafa 23, an ɗauke masa, amma da sharaɗi. Sai in ba ya cikin matsattsiyar mashiga ko kusa da ita, ba ya kan hanyar jirage, ba ya wurin da ake sakin anga, ba ya inda jirage suka saba bi. Ku faɗa mini, a ruwan Legas ina ne jirage ba su saba bi ba? Kuma ni a ganina ƙaramin jirgi ya fi kowa bukatar alamar. Shi ne ba a gani da wuri. Shi ne in an buge shi ba ya tashi.

Ranar da aka yi karo, Allah ya kiyaye, masu bincike za su zo, kamfanin inshora zai zo, wataƙila a kai ga kotu. Cikin tambayoyin farko akwai wannan: wace alama jirginka ya nuna? Kana iya zama wanda aka buga, kana zaune lafiya ba ka taɓa kowa ba, amma a ɗora maka kaso na laifi saboda ba ka faɗa wa kowa a tsaye kake ba. Wannan asarar dukiya ce, ana mayar da ita. Uwar da aka kai wa gawar ɗanta ba ta da abin da za a mayar mata.

To mene ne ƙwallon, kuma nawa ne? Baƙi ne, domin baƙi ne ke fita sosai a hasken sama. Ja da shuɗi duk sukan ɓace in rana na bayansu. Zagayayye ne, domin ta duk inda aka dube shi kamanninsa ɗaya. Faɗinsa a babban jirgi kada ya gaza santimita 60. Jirgin da bai kai mita 20 ba an yarda ya yi amfani da ƙarami daidai girmansa, kuma yawancin jiragen shaƙatawa suna cikin wannan sahu. Amma kada a fake da haka a rataya abin da ba a gani. A yi shi yadda mai nisa zai hango.

Ana sayar da shi a shagunan kayan jirgin ruwa, akwai na hurawa, akwai na naɗewa. In ba ka samu ba, kafintan unguwarku ya ishe ka. Ka kai masa siririn katako ko roba mai ƙarfi. Ya kafa ƙusa, ya ɗaura zare da fensir, ya zana da'ira biyu masu girma ɗaya, ya yanke su. Ya tsaga kowace daga baki zuwa tsakiya, tsaga mai faɗin kaurin katakon. Sai a zura ɗaya cikin ɗaya a gicciye. Shi ke nan, ta kowane ɓangare ka duba, ƙwallo za ka gani. A shafa baƙin fenti mai jure ruwa, a huda sama, a huda ƙasa, a sa igiya. Igiyar sama a ja shi, ta ƙasa a ɗaure shi kada iska ta yi ta wujijjiga shi. In an gama, a zare su, su kwanta a ƙarƙashin kujera ba su tare wa kowa wuri ba. Jirgin da ba shi da dogon turke, a sa mai walda ya yi masa gurbin sanda a gaba. Kuɗin duka bai kai na man da jirgin ke sha a fita ɗaya ba.

Kuma a yi shi daidai. A gaba ake rataya shi, a sama, ba a bayan rumfa ba, ba a ƙarƙashin tawul ɗin da aka shanya ba. Anga ta kama, ƙwallo ya hau. Anga ta fito, ƙwallo ya sauka. Wannan na biyun kada a manta da shi. Jirgin da ke tafiya da ƙwallo a rataye ƙarya yake yi wa jama'ar ruwa, kuma in ƙaryar ta yi yawa, ba wanda zai ƙara yarda da alamar. Rana ta faɗi, a kunna farar fitila mai haska kowane ɓangare, wadda za a hango daga mil 2 na teku. Hasken waya ba fitilar anga ba ne. Fitilun ado masu walƙiya ba fitilar anga ba ne.

Direbobi, ku ma akwai naku karatun, domin alama ba ta da amfani in ba mai karanta ta. Ƙwallo ɗaya, jirgi na kan anga. Biyu a jere, ɗaya bisa ɗaya, jirgin ya kuɓuce wa masu shi, inji ko sitiyari ya lalace, ba zai iya kauce muku ba. Uku a jere, ya hau yashi ya maƙale, to ku san wurin ba zurfi, kada ku bi shi. Ƙwallo a sama, ƙwallo a ƙasa, a tsakiya alama mai tsini sama da ƙasa, aiki yake yi da ya hana shi motsi, kamar masu yashe mashiga. Alama ɗaya mai faɗi a sama, tsininta na kallon ƙasa, jirgi ne mai tafiya da iska da ya kunna inji, don haka dokar mai inji ce a kansa. Tuta mai fari da shuɗi, bakinta a tsage, akwai masu nutso a ƙasa, ku yi nesa, ku tafi a hankali. Ku haddace su kamar yadda kuka haddace lambar wayar maigida. Ku koya wa yaranku. Kuma ku sa ido a kowane lokaci, doka ta 5 ke nan. Waya a aljihu, ido a ruwa.

Ga hunturu nan tafe. Ƙurar da ke tasowa daga wajenmu takan sauka har Legas a Disamba da Janairu, ta rufe ruwa da hazo. Kuma daidai lokacin ne aka fi cika bakin teku da bukukuwa, jirage su yi yawa, baƙin direbobi su shigo, masu gaggawa su ƙaru. In hazo ya rufe, ko da rana ne, a kunna fitila a haɗa da ƙwallo. A yi ƙara. Babban jirgin da ke kan anga na kaɗa ƙararrawa na daƙiƙa 5 a kowane minti. Wanda bai kai mita 12 ba, ya yi wata ƙara mai ƙarfi, kada ya bar minti 2 su wuce shiru. Ba ka da ƙararrawa? Ka sami usur. Ka sami ƙarfe ka buga.

Ku kuma 'yan'uwa na ruwan cikin ƙasa, na tafkin Jabi da dam ɗin Tiga, na Kainji da Yawuri, na Yamai da Yeji, kada ku ce wannan ta mutanen teku ce. Ruwanku na da hukumominsa da nasa ƙa'idoji. A Najeriya akwai NIWA mai hedikwata a Lakwaja, a Legas akwai LASWA tun 2008. Ku je ku tambaya, ku bi abin da suka tsara. Amma jirgi mai inji ya shigo ko'ina yanzu, kuma farfela ba ta san bambancin ruwan gishiri da ruwan daɗi ba. Sarakunan ruwa, iyayenmu, maganarku ake ji a bakin gaɓa. Shugabannin ƙungiyoyin masu jirage, ku ne ke tara mutane. Ku zauna ku tsayar da magana: jirgin da ya tsaya a hanyar jirage ya ɗaga alama.

Yanzu kowa ya ɗauki nasa.

Alhaji mai jirgi, ranka ya daɗe, ku ne da umarni. Ku kira direbanku yau, ba gobe ba. Ku tambaye shi, "Ina baƙin ƙwallonmu?" In ya ce babu, ku ba da kuɗin. In ya ce bai san shi ba, ku zaunar da shi a koya masa. Ku sa shi cikin kayan da ake dubawa kafin a tashi, tare da mai, da rigunan ceto, da na'urar kashe gobara.

Direba, kada ka jira a ce maka. Kai ne kyaftin. Ran mutane a hannunka yake bayan Allah. Ko maigida ya ce ba komai, ka ce, "Ranka ya daɗe, doka ce, kuma kariyarmu ce." Ka rataya.

Yaron jirgi, ƙanena, wannan aikinka ne, ka riƙe shi da hannu biyu. Hannun da ya saki anga shi zai ɗaga ƙwallo. Hannun da ya jawo anga shi zai sauke shi. Ka mai da shi ɗabi'a har ya zama ba sai ka tuna ba.

Hajiya, 'yar'uwa, uwar yara, ke ma kina da baki. Ke kika biya kuɗin haya. 'Ya'yanki ne a ciki. Jirgi ya tsaya, ki ɗaga kai ki duba gaba. Ba ki ga baƙin ƙwallo ba, ki tambaya. Ki tambaya da murmushi, amma ki tambaya. Kada ki bar yaro ya shiga ruwa sai kin gan shi a sama, sai kin ga rigar ceto a jikin yaron.

Masu ba da hayar jirage, ku sa ɗaya a kowane jirgi. Masu kulab ɗin jirage, ku rubuta shi a ƙofar shiga. Masu shagon kayan ruwa, ku ajiye shi a gaban kanti inda za a gani. Kafintoci, ku yanka, za a saya. Limamai da malaman unguwannin bakin ruwa, ku ambata bayan salla. Wanda ya ji, ya faɗa wa wanda bai ji ba.

Kada ku jira Disamba. Kada ku jira hazo. Kada ku jira a ce an yi karo a wuri kaza. Ku sayo. Ku yanka. Ku shafa fenti. Ku ɗaura igiya. In kun yi guda, ku yi biyu, ku miƙa ɗaya ga jirgin da ke ɗaure kusa da naku, ku nuna wa yaronsa inda ake rataya shi. Asabar mai zuwa, kada jirginku ya bar gaɓa sai da shi a ciki.